Ɓera a Madadin Ɗan Adam: Yadda Ake Binciken Ciwon Dajin Fata Mai Suna Limfoma



Gabatarwa

Wannan lacca za ta yi magana ne a kan abubuwa biyu waɗanda a ido ba su da wata dangantaka. Na farko wata cuta ce ta fata wadda ba safai ake ganinta ba. Na biyu kuwa ɓera ne, ko kusu kamar yadda ake kiransa a nan ƙasar Gwandu da Sakkwato. Manomi a Maiyama ya san kusu da ɓarnar rumbu, ɗan kasuwa a Jega ya san shi da huda buhu. Amma a ɗakunan binciken likitanci na duniya wannan 'yar dabba ta fi shekara 100 tana tsayawa a madadin ɗan Adam, ana gwada mata abin da ba ya halatta a gwada wa mutum. Manufata ita ce in bayyana dalilin da ya sa masana suka koma ga ɓera game da wannan cuta, da abin da suka koya daga gare shi, da inda iyakarsa take, sa'an nan da aikin da ya rage wanda babu ɓeran da zai yi mana shi.

Mece ce limfomar fata?

A cikin jinin ɗan Adam akwai jajayen ƙwayoyi da farare. Fararen su ne dakarun jiki. Daga cikinsu akwai wani rukuni da ake kira limfosait, masu taruwa a cikin saifa da ɓargo da kaluluwa. In mutum ya ji rauni a ƙafa ya ga kaluluwa ta fito masa a matsematsi, to su ne suka yi gangami a wurin. Limfosait iri biyu ne manya, watau ƙwayoyin B da ƙwayoyin T. Su ƙwayoyin T suna samun horonsu ne a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus. Ba a san amfanin wannan tsoka ba sai a 1961, lokacin da Jacques Miller a birnin Landan ya cire ta daga jikin jariran ɓeraye, ya ga sun tashi ba su da cikakkiyar garkuwar jiki.

Fata ita ce kan iyaka tsakanin jiki da duniya, saboda haka masu gadi suka yi yawa a cikinta. Wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka a 2006 ya ƙiyasta cewa fatar baligi tana ɗauke da ƙwayoyin T kimanin biliyan 20, watau kusan ninki biyu na waɗanda ke yawo cikin jini. In ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi ta kangare, ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, ta ƙi mutuwa sa'ad da wa'adinta ya yi, to an sami ciwon daji. Shi ake kira limfomar fata.

Irin da ya fi yawa wani likitan Faransa mai suna Jean-Louis Alibert ne ya fara siffanta shi a 1806. An laƙaba masa suna maikosis fungoidis domin kumburinsa ya yi kama da laimar kwaɗi. Wani irin kuma, wanda ke mamaye fata duka ya kuma shiga jini, ana kiransa da sunan Albert Sézary, wanda ya bayyana shi a 1938. Cutar takan fara da tabo, sau da yawa a wuraren da tufa ke rufewa, kamar cinya da ɗuwawu da ƙirji. Bayan shekaru tabon yana iya yin kauri ya taso, a wasu kuma ya zama ƙari har ya fashe ya koma gyambo. Mafi yawan waɗanda aka gane tasu da wuri sukan daɗe a matakin farko suna harkokinsu. Wanda tasa ta kai ga ƙari ko ta shiga jini, shi ne ke cikin haɗari.

Inda abin ya shafe mu shi ne, a jikin baƙar fata tabon yakan fito ne da haske, ya fi sauran jiki fari. Don haka ana iya ɗaukarsa kyasbi, ko makero, ko ƙirci, ko ma farkon kuturta. Tabon kuturta yawanci ba ya jin taɓi, na limfoma kuwa yana ji, har yakan yi ƙaiƙayi. Amma abin da ke raba gardama shi ne a yanko ɗan ƙanƙanen yanki na fatar a duba shi a madubin likita, wani lokaci ma sai an maimaita. Ko a ƙasashen da suka wadata da likitocin fata, majiyyaci yakan yi shekaru yana yawon neman magani kafin a gane abin da ke damunsa.

Dalilin komawa ga ɓera

Abu uku ne suka sa binciken wannan cuta a jikin mutane ya yi wuya. Na farko ƙarancinta. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, mutum 6 zuwa 10 ne cikin miliyan ɗaya ke kamuwa da ita a shekara, ko da yake lissafin ya nuna baƙaƙen fata na can sun fi farare kamuwa, kuma takan same su da ƙarancin shekaru. Na biyu jinkirinta, domin abin da ke ɗaukar shekara 10 ko 20 yana tafiya, mai bincike ɗaya ba zai ga farkonsa da ƙarshensa sau da yawa ba. Na uku kuwa, ba ya halatta a sa wa mai lafiya cuta don a ga yadda take farawa, ko a hana wa majiyyaci magani don a kwatanta shi da wani.

Ɓera ya warware waɗannan matsaloli gwargwado. Cikinsa kwana 20 ne ko kusa da haka, yakan haifi 'ya'ya da dama a ciki ɗaya, ya balaga cikin mako 6 zuwa 8, ya tsufa cikin shekara 2. Yana da taimus da saifa da ƙwayoyin B da T kamar namu. Da aka kammala karanta kundin gadonsa a 2002, sai aka ga mafi yawan ƙwayoyin gadonsa suna da takwarorinsu a jikin ɗan Adam.

Amma fa ɓeran ɗakin bincike ba kusun rumbu ba ne. Tun a 1909 wani Ba'amurke, Clarence Little, ya fara haɗa ɓeraye 'yan ciki ɗaya barbara, zuriya bayan zuriya. In aka yi haka sau 20, sai a sami dangi wanda kowane ɗa a cikinsa tamkar tagwayen ɗan'uwansa ne. Amfanin wannan shi ne, in an ba rabinsu magani an hana rabi, duk bambancin da aka gani daga maganin yake. Cibiyar Jackson da Little ya kafa a 1929 har yanzu tana rarraba irin waɗannan ɓeraye ga duniya. Ina jan kunnen ɗalibai kada wani ya ɗana tarko a gida da sunan bincike. Wani ɓeran gidajenmu da gonakinmu, mai nonuwa da yawa, shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969.

Hanyoyi uku na sa ɓera ya wakilci majiyyaci

Hanya ta farko ita ce dashe, watau a ɗebo ƙwayoyin ciwon daga jikin mutum a dasa wa ɓera. Lafiyayyen ɓera ba ya karɓar wannan dashe, domin dakarunsa za su kashe baƙin ƙwayoyin nan da nan. Mafita ta zo ne daga wani asibiti a Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, inda a 1962 aka ga an haifi ɓera marar gashi. A 1968 aka gano cewa irin wannan ɓera ba shi da taimus, saboda haka ba shi da ƙwayoyin T na kirki. Shekara ɗaya bayan haka, Rygaard da Povlsen a ƙasar Danmak suka dasa masa ciwon dajin hanjin mutum, ya kuwa kama. A 1983 aka sami wani dangi a Filadelfiya wanda ba shi da B ba shi da T, a 2005 kuma cibiyar Jackson ta fitar da wanda ya fi su duka rashin garkuwa. Da irin waɗannan ne ake gwada sabon magani a kan ƙwayoyin limfomar mutum tun kafin a kusanci majiyyaci. Aibin hanyar shi ne, ɓeran ba shi da dakarun da za su yi kokawa da ciwon, alhali a jikin mutum wannan kokawar ita ce rabin labarin. Har ila yau ƙwayoyin da ake dasawa yawanci daga masu cutar da ta yi nisa aka samo su, don haka sukan yi dunƙule ne kawai, ba sa nuna tabon farko.

Hanya ta biyu ita ce a yi amfani da ƙwayoyin limfomar ɓera a jikin ɗan danginsa mai cikakkiyar garkuwa. A 2011 Sam Hwang da abokan aikinsa a jihar Wiskonsin ta Amurka suka yi wa ɓeraye allurar irin waɗannan ƙwayoyi a fatar kunne. Ƙari bai fito ba. Amma da suka shafa wa kunnen wani sinadari mai sa fata ta yi ja ta kumbura, sai ƙari ya tsiro. Ƙwayoyin iri ɗaya ne, ɓerayen dangi ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne halin da fatar ke ciki.

Hanya ta uku ita ce a sauya wa ɓera wata ƙwayar gado tun yana ƙwai, a bar cutar ta taso da kanta. A 1985 Jerry Adams da Suzanne Cory na birnin Melbon a Ostareliya, tare da abokan aikinsu, suka samar da ɓeraye masu irin kuskuren gadon da ake gani a wata limfoma ta yara, ɓerayen kuwa suka riƙa kamuwa cikin 'yan watanni. Game da fata, a 2016 masana a Jami'ar Jihar Ohayo suka nuna cewa ɓeran da aka sa jikinsa yana yawan fitar da wani sinadarin kiran ƙwayoyin T, mai lamba IL-15, yakan kamu da ciwon fata mai kama da na mutum ƙwarai. A 2018 wasu a Niyok suka samar da ɓera wanda wani makunni a cikin ƙwayoyinsa na T, mai suna STAT3, yake kunne kullum. Shi ma ya kamu. Sa'an nan suka yi kiwon wasu daga cikin dangin a keɓe, inda ko ƙwayar bakteriya ɗaya ba ta taɓa jikinsu, sai ga shi cutar ta yi musu sauƙi ƙwarai.

Abin da ɓera ya koya mana

In muka haɗa gwajin kunne na 2011 da na ɓerayen da aka keɓe a 2018, darasi ɗaya suke bayarwa. Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kangararriyar ƙwayar T ita ce ɓarauniya, amma fata mai kumburi da ƙwayoyin cuta da ke zaune a kanta su ne ke buɗe mata ƙofa. Likitoci sun daɗe da lura cewa wata bakteriya mai suna stafilokokus, wadda ke haddasa maruru, tana yawan zama a fatar masu wannan cuta, kuma shigarta jini na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Abin da ba su iya tabbatarwa a jikin mutum ba shi ne ko bakteriya na rura wutar ciwon kansa. Ɓera ya ƙarfafa wannan zato. A 2019 likitoci a Danmak suka ba majiyyata 8 masu cutar da ta yi nisa magungunan kashe bakteriya masu ƙarfi a asibiti, aka ga fatarsu ta yi sauƙi, kangararrun ƙwayoyin kuma sun ragu. Mutum 8 ba su isa a yanke hukunci ba, kuma ba warkewa suka yi ba. Wannan ba izini ba ne ga kowa ya je kemis ya sayi kafso. Amma misali ne na yadda tambaya ke tashi daga gadon asibiti, ta bi ta kan ɓera, ta komo ga majiyyaci da amsa.

Hannun Nijeriya a cikin wannan aiki

Kada a ɗauka wannan labarin Turai da Amurka ne kaɗai. Limfomar yaran nan da na ambata a gwajin Melbon ita ce wadda Denis Burkitt ya siffanta a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, har da namu. A 1963, a Asibitin Koyarwa na Ibadan, Farfesa Pulvertaft ya raya ƙwayoyin wannan ciwo daga jikin wani yaro ɗan shekara 11. Waɗannan ƙwayoyi, da aka sani da suna Raji, har yau suna raye a ɗakunan bincike na duniya, ana dasa wa ɓeraye su don gwajin magungunan limfoma. A 1972 Victor Ngu, wanda ya yi aikinsa a Ibadan kan maganin wannan ciwo, yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka. A cikin jerin na wannan shekara har da Eugene Van Scott, wanda aka yaba wa saboda maganin shafawa na limfomar fata.

Akwai kuma wata alaƙa da ta fi kusa da mu. A 1980 Bernard Poiesz da Robert Gallo a Amurka suka gano wata ƙwayar bairos mai suna HTLV-1 a cikin ƙwayoyin wani majiyyaci da aka ce yana da limfomar fata. Daga baya aka fahimci cewa wannan bairos ita ke haddasa wata limfoma ta daban, wadda likitocin Japan suka siffanta a 1977, mai yawan fitowa a fata har a ɗauke ta waccan. Afirka ta Yamma na daga cikin wuraren da bairos ɗin ke zaune. A 1983 Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsa suka ba da rahoton alamunta a jinin wasu masu ba da jini da wasu majiyyata, a 1984 kuma likitocin Ibadan suka bayyana majiyyata biyu. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa taɓa yin ciwo. Amma ya kamata likitanmu ya tuna da ita duk lokacin da ya ga limfoma a fata. Wani magani mai suna mogamulizumab, wanda asalinsa daga garkuwar jikin ɓera aka samo shi aka gyara shi ya dace da mutum, an amince da shi a Japan a 2012 domin wannan limfoma ta bairos, a Amurka kuma a 2018 domin limfomar fata.

Kama da wane ba ta wane

Duk da wannan, wajibi ne mu san iyakar ɓera. Fatarsa ta fi tamu sirantaka nesa ba kusa ba, gashi ya rufe ta, kuma ba ya gumi sai a tafin ƙafa. A saman fatarsa akwai wani irin ƙwayoyin T masu yawa wanda babu kamarsa a tamu. Cutar da ke tafiya shekara 20 a jikin mutum ba za ta nuna duk halinta a dabbar da ke rayuwa shekara 2 ba. Magunguna da yawa sun narkar da ƙari a jikin ɓera suka kasa a jikin mutum. Har yanzu babu ɓera ɗaya da ya tattara dukan matakan wannan cuta, daga tabo zuwa ƙari zuwa jini. Kowane dangi tambaya ɗaya yake amsawa, mai hankali kuwa shi ne wanda ya san wace tambaya zai kai wa wane ɓera.

Bugu da ƙari, ɓera rai gare shi. Tun 1959 wasu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da ake bi har yau: a nemi wata hanya in akwai, a rage yawan dabbobin da za a yi amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Binciken da bai bi waɗannan ba, zalunci ne, kuma sakamakonsa ba abin dogaro ba ne, domin dabbar da ke cikin azaba ko ƙazanta jikinta ba ya ba da amsa ta gaskiya.

Abin da ya rage gare mu

Babban giɓin da ɓera ba zai cike ba shi ne wannan: kusan duk ƙwayoyin limfomar fata da ake dasa wa ɓeraye daga majiyyatan wasu ƙasashe aka samo su. Fatar manomin albasa na Aliero, wadda ke shan rana da ƙura da ruwan fadama, tana da nata yanayi da nata ƙwayoyin cuta. In darasin ɓera gaskiya ne, cewa halin fata na da hannu a tafiyar ciwon, to sai mun dubi tamu fatar da kanmu. Wannan kuwa ba daga ɗakin ɓeraye zai fara ba, daga ɗakin shan magani na ƙauye zai fara.

Ga ɗalibai masu koyon aikin lafiya a Jega, da na jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, shawarata ita ce: tabon da ya yi watanni ana shafa masa maganin makero ko na ƙirci bai tafi ba, ko yana tafiya yana dawowa, a tura mai shi gaba, zuwa Birnin Kabi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a duba shi a madubin likita. A tambaye shi irin man da yake shafawa, domin mayukan da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid, har da wasu na bilicin, suna ɓoye alamun cutar ga mai dubawa. A kuma kula da tsabtar gyambo. Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, musamman masu tsara kasafin kuɗi, abin da ake bukata ba mai tsada ba ne ainun: kwalabe da ruwan adana yankin fata, da hanyar kai shi wurin masu dubawa da dawo da sakamako cikin lokaci, da rajistar ciwon daji wadda ake cikawa da gaskiya. Cutar da ba a rubuta ba, a idon hukuma babu ita, kuma ba za a ware mata ko kwabo ba.

Ƙwayoyin yaron nan na Ibadan sun amfani duniya ne domin akwai wanda ya duba da kyau, ya adana, ya rubuta. Irin wannan aiki bai fi ƙarfin jihar Kabi ba.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa.  Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana ilmi mai amfani.